Mutumin da Ya Ƙi Faɗin Sunana

Shekara shida ke nan da muka kai Malam Isiyaku makwancinsa, kuma akwai maganar da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba sai yau. Maɗinkin manyan riguna ne, zaurensa na nan kusa da Ƙofar Kuyambana. Tun muna firamare muke abota. Ni na zama malamin makaranta, shi ya gaji allurar mahaifinsa.

Kullum bayan la'asar mukan taru a zaurensa, mu bakwai ko takwas. Yana ɗinki yana magana, idonsa a kan zare. Wata rana hira ta faɗa kan ɗan majalisar da muka zaɓa, wanda ya rantse zai gyara asibitin unguwa, tun daga nan ba mu ƙara ganin ko ƙeyarsa ba. Malam Isiyaku ya yi masa wankin babban bargo, ba zagi, ba ƙage, abin da kowa ya sani kawai ya jera. Maganar ta yi mini daɗi har na danna wayata a cikin aljihu na naɗe ta. Na tura wa abokan aikina biyu don su yi dariya. Na manta magana zarar bunu ce.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, wasu mutum biyu cikin farin kaya suka tsaya da mota marar lamba. Suka yi sallama cikin ladabi, suka ce ana son ganinsa. Ya soke allurarsa a wuyan riga, ya sa takalmi, ya bi su. Kwana biyu iyalinsa ba su san inda yake ba. Ni kuwa na goge muryar daga wayata, na zauna a gida ina jin kowace mota kamar tawa ce ta zo.

Da ya dawo, sai zauren ya mutu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Mai zuwa zai gaisa a tsaye, ya kalli aljihun na kusa da shi, ya wuce. Zargin kai ƙarar ya faɗa kan Garba, wani maƙwabcinmu, don kawai akawu ne a ofishin gwamnati. Aka daina amsa masa sallama da sakin fuska, har ya tattara ya koma unguwar Tukur-Tukur. Ina kallo, na yi gum.

Wata Laraba na tarar da Malam shi kaɗai. Ya ce mini, bai ɗago kai ba, "Sun kunna mini muryar sau uku, Malam Lawal. Tarinka ya fi na kowa kusa da wayar."

Na ce, "Ka gaya musu?"

"Sun tambaya. Na ce bakina ne ya yi magana, su riƙe mai bakin." Ya yanke zare da haƙori. "Ni na yafe. Amma Garba fa? Wannan ba ni zan yafe ba."

Na ce zan je. Ban je ba.

Da zaɓe ya zagayo na rantse ba zan fita ba. Me ƙuri'a ta taɓa ba mu, ban da shinkafar kwana ɗaya da wulaƙancin shekara huɗu? Sai ga Malam da sassafe a ƙofar gidana, katinsa a hannu, lokacin ciwon ajalinsa ya fara cinsa. Ya ce, "Sun tsorata ka ka daina magana, yanzu kuma za ka ba su ƙuri'arka kyauta ta hanyar zama a gida? Ɗauko hularka." Muka tsaya a layi har azahar. Wanda muka zaɓa bai ci ba. Ban ga ko ɗigon nadama a fuskarsa ba. Wata tara bayan nan Allah Ya karɓi abinSa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. A da ana tsoron baƙon da ya zauna a majalisa, yanzu kowa da baƙonsa yake yawo a aljihu. Na ga dattawa suna kife waya kafin su ambaci tsadar masara. Ɗalibaina da ke karatu a jami'ar nan ta Kongo suna rubuta ra'ayinsu, su goge kafin su tura. Ba wanda ya san iyakar abin da ake saurare, kuma rashin sanin ma ya isa ya ɗinke baki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Katin zaɓe kuwa ya koma abin da ake nunawa a banki. In ka ce wa matashi ya fita ya jefa ƙuri'a, sai ya ce, "Baba, duk kanwar ja ce." Sau da yawa kuwa gaskiya ya faɗa. Ina jin Malam ma ba zai musa masa ba. Zai dai ce ya ɗauko hularsa.

Bai bar gini ba, bai bar muƙami ba. Rigunan da ya ɗinka sun fara tsufa a jikin masu su. Abin da ya bar mini shi ne sanin cewa mutum zai iya jin tsoro, ya kuma ƙi miƙa ɗan'uwansa. Ni na ji tsoro, na bar wani ya ɗauki laifina shekara da shekaru.

Don haka mutanen zauren nan da kuke raye, ku ji: Garba bai kai kowa ƙara ba. Ni ne na naɗi muryar, ni na tura. Jiya na je Tukur-Tukur na faɗa masa baki da baki. Ya kalle ni ya ce, "Na ji. Ba ni lokaci." Haƙƙinsa ne, zan jira.

Allah Ya haskaka kabarin Malam Isiyaku, Ya sa abin da ya rufa mini ya zame masa sutura ranar da ba a ɓoye komai.