Tekun da ke ƙarƙashin Mabera

Jama'a, a shaida: yau ni, mai sayen ruwa a jarka, na halarci taron masana kan ƙananan halittun teku da suka zama dutse. 'Yata Hadiza ke gabatar da bincikenta, ni dariya ta kai ni.

Ta sa na leƙa madubin ƙara girma, sai ga 'yan mitsi-mitsin ɓawo kamar na dodon koɗi.

"Baba, wanga dutse daga ƙafaffiyar rijiyarmu aka hiddo shi. Mabera duk teku ce a da."

"To, ina tekun ya tafi?"

"Sannu-sannu ya janye. Na cikinsa ba su farga ba."

Na dawo gida na daɗe tsaye bakin rijiyar. Ku naku rijiyoyin da sauran ruwa? Ni dai da na ce karatunta bai shafe mu ba, na yi kuskure.