Na Cire Gishiri, Na Bar Kanwa

Shekarun baya, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyukanmu na wajen Kura, babu murhun da ya kai nawa zafi a unguwarmu. Turara shinkafa na gada a wurin mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta. 'Yan kasuwa su kawo shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, buhu-buhu, mu jiƙa, mu turara a duro, mu shanya, a kai inji. Wutar gidana ba ta mutuwa, tunda buntun shinkafa da muke hurawa ba ya yanke mana. Don haka duk matar da ta haihu a layinmu, gidana ake aiko bokiti a ɗebi ruwan zafi. Tun ina ba da ruwa har na koma ba da shawara, ni da ko ƙofar ajin ungozoma ban taɓa leƙawa ba. Na naɗa wa kaina sarautar jego, kuma babu wanda ya ja da ni.

Autarmu tana shekara tara mahaifiyarmu ta rasu, ni na ƙarasa renonta. Ta yi karatunta daidai gwargwado, ta auri wanda take so, wani manomin tumatir a wajen Kadawa. Da cikinta na fari ya tsufa, ta dawo gidana haihuwa kamar yadda aka saba. Abu ɗaya na ƙudura a raina: bakin kowa ba zai taɓa cewa yarinyar nan ta yi jegon marayu ba.

Ni na raka ta awon ƙarshe. Malamar asibiti ta ɗaura mata abin awo a damtse, ta matsa, ta saki, ta sake matsawa. Sannan ta dube ni ta ce, "Ke ce babbar yayarta? Jininta ya hau. Ga magani. A rage mata gishiri sosai, kuma ko ta haihu ku dawo da ita a sake aunawa."

Na riƙe maganar gishiri da hannu biyu. Tukunya daban na ware mata, ba gishiri ba dunƙule. Har yarana na hana su miƙa mata gyaɗa mai gishiri. Ta haihu lafiya, 'ya mace, a tsakiyar sanyi. Maganin asibiti ya ƙare kwana biyu bayan suna. Na ce ai an sauke kaya, jini zai koma wurinsa. Zancen komawa awo kuwa na ɗage shi sai bayan arba'in, don a wurinmu maijego ba ta fita da ɗanyen jiki.

Sai na shiga aikin da na iya. Safe da yamma duro guda na tafasasshen ruwa, da ganyen darbejiya, ta zauna a kan turmi ina tsoma ganye ina fyaɗa mata. Tana fitowa kwanon kunun kanwa yana jiranta. Ba kanwar da ake saya a bakin hanya ba, ungurnu na aika aka sayo mini daga Kano, nake zubawa ba ƙyashi. Mata su shigo barka su ɗanɗana su ce, "Ko Iya tana raye iyakar abin da za ta yi ke nan." Kaina ya yi ta kumbura.

Ƙafafunta ma suka fara kumbura. Da farko takalminta ya ƙi shiga, daga baya zoben hannunta. Sai tari. Ta daina iya miƙewa a kan gado, sai dai in jingina mata buhun shinkafa a bango ta yi barci a zaune. Na kira wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ƙawar mahaifiyata ce, Inna muke ce mata. Ta danna ƙafar da ɗan yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

"Kin gani ko?" in ji ta. "Jikin bai gasu ba. Garin nan da ruwan kanal ya kewaye mu, sanyi ba ya barin maijego. Ƙara wuta, ƙara kanwa."

Abin da kunnena yake son ji ke nan. Na ƙara.

Wata safiya na miƙa mata kwanon, ta riƙe ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Yaya, in na sha kunun nan ƙirjina cika yake yi. Ko a bar shi yau?"

Na ce, "Ke dai Auta raki gare ki tun kina ƙarama. So kike a ce na bar ki kin ruɓe? Shanye ki ba ni kwanona."

Ta shanye. Tunda take ba ta taɓa yi mini musu ba.

Ranar da ta cika kwana talatin da haihuwa, muna tsakiyar wanka numfashinta ya sarƙe. Ta dafa gwiwata tana buɗe baki, tari yana fito da kumfa. Allah ya sa mijinta ya biyo ta gidan da akori-kura cike da tumatir za su kasuwa. A ƙofar gidana aka sauke kwandunan, muka shimfiɗa katifa muka nufi Kano. Har muka dawo tumatir ɗin nan yana wurin, ya narke.

A asibiti, bayan sun sa mata abin numfashi sun ɗauki hoton ƙirji, likita ya kira ni gefe. Ya tambayi abin da take ci. Na gyara mayafi na ce, "Likita, ko ƙwayar gishiri ba ta shiga bakinta ba."

"Kunun kanwa fa?"

"Safe da yamma," na ce. "Ungurnu mai kyau."

Wallahi da alfahari na faɗa, yabo nake jira. Ya ajiye bironsa. Sannan ya ce, "Hajiya, abin da muke gudu a gishiri, shi ne a cikin kanwa. Yana riƙe ruwa a jiki, yana ɗaga jini. Zuciyarta ta buɗe, ta kasa tura jinin, shi ya sa ruwa ya taru a ƙafa da huhu."

Na ce, "Ni na jawo mata ke nan?"

Ya ce ciwon yakan kama maijego ko ba ta sha kanwa ba. Amma zuciyar kamar jaki ce da ya riga ya gaji, aka yi ta ƙara masa kaya. Ya faɗa ne don ya sassauta mini, ni kuwa na san hannun da ya ɗora kayan.

Wata biyar ta ƙara a duniya, yau gida gobe asibiti. Ko sau ɗaya ba ta ɗora mini laifi ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa, ta ga hawaye na ɗiga a kai. Ta ce, "Yaya, kununki fa da daɗi. Ƙirjina ne ba ya so." Ta rasu a makon da ruwan farko ya sauka, ta bar mini jaririya.

Masu gaisuwa sun ce kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Amma imanin bai hana ni jin ƙarar ludayi a kwanon nan ba, har yau. Na yi ta gaya wa mata abin da likita ya ce. Ɗaya ta ji, goma su ce su da iyayensu da kunun kanwa suka tashi, ga su garau. Inna har ta koma ga Allah tana cewa wutar ce ba ta isa ba. Na gaji, na yi shiru. Ruwan zafi dai ina bayarwa, shawara kuwa na tuba.

Bara jaririyar nan da ta bar mini, ita ma ta haihu, ta zo gidana wanka. Ruwa mai ɗumi na surka mata, kunun gyaɗa na dama, kuma washegarin suna na sa ta a mota muka tafi aka auna jininta. Da yamma ina tsakar gida na jiyo mata biyu a bayan katanga. Ɗaya tana cewa, "Allah sarki, jegon marayu. Ko kanwa ba ta samu ba. Da uwarta tana raye ai ba za a yi mata haka ba."

Maganar da na yi ta gudu ke nan, ta zo ta same ni har gida. Na ci gaba da dama kunun gyaɗana. Da na yarda an faɗe ta shekara ashirin da suka wuce, wataƙila da uwar tata ce zaune a wurina tana dama kunun.