Yadda Na Shafe Aikin Yayana Na Shekara Goma

Edita, ka ba ni fili in amayar da abin da ya daɗe yana cin raina. A shekarun casa'in ni magidanci ne mai 'ya'ya biyu, ina da shagon sayar da kaset a bakin tashar mota a Suleja. Ina da rikoda mai baki biyu da nake kwafar waƙoƙi da ita, kuma direbobin da ke jigilar ma'aikata zuwa Abuja su ne manyan abokan cinikina. A lokacin gani nake babu wanda ya kai ni wayo, tunda kullum akwai na cefane a aljihuna.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, malamin jami'a ne, fanninsa tarihin tattalin arziki. In ka tambaye shi ma'anar hakan, sai ya ce yana binciken yadda kakanninmu suka ci suka sha ne, me suka noma, me suka ƙera, da wa suka yi ciniki. Yakan ce takaicinsa shi ne littattafan da ya karanta suna magana kamar ba mu san kasuwa ba sai da Turawa suka zo. Duk hutu, da duk sanda yajin aiki ya rufe jami'a, sai ya rataya 'yar rikodarsa ya hau babur, yau yana Iku, gobe yana Izom, zaune a tabarma da tsofaffi. Ya taɓa ba ni labarin wata tsohuwa maginiya da ta gaya masa a zamaninsu dawa ake zubawa a tukunya, abin da ya cika ta shi ne farashinta. Yana faɗa idonsa na ƙyalli, ni kuwa ina hamma. A gida dariya ake masa, wai sa'o'insa suna Abuja suna neman kwangila shi yana bin marasa haƙori. Ni ne kan gaba a tsokanar, har na sa masa suna mijin tsofaffi.

Wata shekara aka gayyace shi ƙasar waje na wata shida. Kafin ya tafi ya kawo mini kwali uku cike da kaset, domin rufin gidansa na yoyo. Ya ce aikinsa ne na shekara goma, yawanci bai ma juya su a takarda ba, kuma a dangi babu wanda ya san kula da kaset kamata. Kowanne ya manna masa takarda mai sunan gari da sana'ar mai magana, ya kuma karya 'yan kunnuwan da ke sama don kada wani ya ɗauki abu a kai.

Da Kirsimeti ya matso, sabon kaset ya yi wuya ya yi tsada. Ga ma'aikata da malamai masu tafiya gida suna neman waƙoƙin coci, ga direbobi suna ta zarya. Na buɗe kwali ɗaya na saka na farko, na ji wani tsoho yana tari yana maganar jakuna da gishiri. Na ce wannan ma har abin adanawa ne? Ina so mai karatu ya lura, ba kuskure na yi ba. Da hannuna na cusa takarda a ramukan da ya karya, na kankare rubutunsa da farce, na danna na ɗora waƙoƙi a kai. Kafin sabuwar shekara sai 'yan kaɗan suka rage. Lissafina shi ne in ya dawo in saya masa sababbi fil, waɗanda ma suka fi nasa kyau. Ka ji jahilci!

Haka kuwa na yi. Ranar da ya zo shago na miƙa masa sababbin a ledarsu, har da 'yar fara'ata. Da ya gane abin da ya faru, sai ya zauna a benci. Can ya tambaye ni abu ɗaya kawai, ko na ga wani da aka rubuta mai kaɗi a jikinsa. Ya ce Innarmu ce. Ya ɗauke ta kafin rasuwarta tana bayanin yadda ta ciyar da mu da zare da mazari bayan mutuwar mahaifinmu. Muka bi waɗanda ban sayar ba ɗaya bayan ɗaya. A wani, waƙa ta ƙare kafin zaren kaset ɗin ya ƙare, sai ga muryar Inna tana dariya, tana ce masa ya ajiye wa autanta wannan, ko ba yau ba, wata rana zai so ya ji da me aka raine shi. Daga nan rikoda ta tsaya. Ni ne autan.

Abin da ke ƙona mini rai har gobe, babu wanda ya zage ni. Kawunmu cewa ya yi ai kaset ne kawai, ya koma ya sake tambayarsu mana, alhali yawancin tsofaffin sun riga mu gidan gaskiya. 'Yan tasha ma yaba mini suka yi, wai na kyauta da na saya masa sababbi. Da awakinsa uku na sayar, wallahi da sai an tara dangi a kaina. Littafin da ya so rubutawa da waɗannan hirarraki bai taɓa fitowa ba, domin ya ce masanin tarihi ba ya rubuta abin da ba zai iya nuna shaidarsa ba. Daga baya ya bar jami'a, ya ƙare yana koyarwa a wata sakandare kusa da Sabon Wuse har Allah ya karɓi abinsa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na koyi cewa rashin sanin darajar abu ba ya ba ka ikon taɓa shi. Jama'a, in aka ba ku amanar aikin mai ilimi, ko ba ku gane shi ba ku bar shi yadda kuka same shi, kuma ku daina yi wa masu bin tsofaffinmu dariya. Ni dai abin da ya rage mini na muryar uwata bai kai minti ɗaya ba, kuma duk sanda nake son jin ta, sai na fara wuce waƙar da na ɗora a kanta.