Jirgin Ammu Haruna a Mashigin Ruwa

A duk Hausawan Madina, daga Sultana har bayan Ƙuba, ba a yi wanda ya san ruwa kamar ni ba. Ni haifaffen Yawuri ne. Na iya iyo kafin in iya tafiya, kuma akwai wata dorina a kogin garinmu da har yau in ta ji sunana takan sauya hanya. Na faɗi wannan a shagona na ɗinki ya fi sau dubu, ba wanda ya taɓa ƙaryata ni, domin Madina ba ta da kogin da za a gwada mutum. Shi ya sa ranar da Ammu Haruna yake neman mai kai shi bakin teku, duk majalisa ni ta nuna da yatsa.

Ammu Haruna, wato Baffa Haruna da Larabcin nan, dattijo ne, maƙwabcin shagona. A nan aka haife shi, kakansa ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Katsina ya zo hajji bai koma ba. Yana saurayi aka ɗauke shi koyon aikin ruwa a wani tsohon jirgi da ake horar da samari a Yanbu, kuma da wannan sana'a ya ci, ya yi aure, ya aurar. Da aka gama amfani da jirgin sai aka ɗaure shi, wata shekara iska ta tsinke igiya ta kai shi ta kwantar a wani mashigi tsakanin gaɓa da wani ɗan tsibiri. Yana nan har yau. Abin da ya ta da tafiyar kuwa idon Ammu ne. Na hagu ya mutu, na dama kuma likita ya gaya masa gaskiya, da wuya ya kai azumi da sauran gani. Ya ce duk abin da yake son gani a duniya ya gani, saura jirgin nan.

Fita daga Madina

Muna idar da Asuba na tsayar da motata a ƙofar gidansu. 'Yarsa Maimuna ta fito da shi, ta miƙo mini maganin ɗigawa a ido, tana yi mini bayani da Larabci ina amsa mata da Hausa. Da ta gama sai ta zaɓo kalmar Hausar da ta fi iyawa ta ce, “Amana.” Na ce mata ko a baya zan goyo shi in dawo da shi.

Mun karya da burodin tamis mai zafi da wake a bakin gari. A shingen bincike askari ya karɓi iƙamata, wato takardar izinin zamana, ya juya ta, ya ce ina muka nufa.

Na ce, “Ziyarar jirgi.”

“Wane jirgi?”

“Wanda ya nutse.”

Ya dube ni, ya dubi Ammu, ya ce Allah ya ba mu lafiya, ya ɗaga hannu.

A hanya Ammu ya kira ni da sunan da ake kirana da shi a Madina, ya ce, “Abu Kabiru, Salim mai kwale-kwale ya ce mu isa kafin Azahar. Lokacin ne ruwa ke janyewa. Kafin La'asar zai dawo ya rufe jirgin.”

Na ce, “To, Ammu.” Amma a zuciyata dariya na yi. Ana tsakiyar rani, zafin da ko tsuntsu ba ya shawagi, wane ruwa ne zai cika? A garinmu kogi sai damina ta yi nisa yake kawowa, kuma yakan yi watanni yana shawara. Da yake ni mai ƙara wa magana gishiri ne, duk abin da aka gaya mini sai na zaftare rabi kafin in karɓa.

Badar

Daga Madina zuwa Badar kusan kilomita ɗari da hamsin ne, hanya shimfiɗe tsakanin baƙaƙen duwatsu. Mun isa da hantsi, muka tsaya muka yi wa shahidai addu'a. Daga nan sai gidan Alhaji Isa, manomin dabino, ƙanen marigayiyar matar Ammu. Wucewa ba a gaisa ba abin kunya ne, Ammu ya ce gaisawar kawai za mu yi.

An zubo gahawa, an ajiye dabino. Alhaji Isa ya ce da ni, “Kai baƙo ne a nan, zo in nuna maka sabuwar gona, ga ta nan bayan gari.”

Ammu ya ce, “Isa, ruwa ba ya jira.”

Na ce, “Ammu, ka sha gahawarka. Harkar ruwa ka bar mini.”

Muka tafi da motar, muka bar Ammu da dangi. Bayan garin nan na Alhaji Isa ashe kusan bayan duniya ne. Kowace bishiya sai ya tsaya ya gabatar mini da ita kamar 'yarsa, kuma kowace sai na ɗanɗana. Na ci dabinon da ya ishi rundunar yaƙi buɗa-baki. Da muka dawo an riga an yi Azahar. Na tarar da Ammu tsaye a ƙofar gida cikin rana, takalmi a ƙafa, sanda a hannu. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, “Sarkin Ruwa, ka dawo?”

Bakin mashigi

Mun ratsa Yanbu ba mu tsaya ba, muka bi wata ƙaramar hanya arewa da gari har kwalta ta ƙare. Salim yana jiranmu. Magidanci ne mai kamun kifi, kuma mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, tare da Ammu suka yi koyon aiki a jirgin. Ya sumbaci goshin Ammu, sannan ya nuna mana mashigin.

Ruwa ne yake kwarara ta tsakanin gaɓa da tsibirin nan kamar an buɗe masa ƙofa, yana tumbatsa yana kumfa. Can tsakiya wani baƙin ƙarfe ya leƙo, bai fi tsayin mutum ba.

Na ce, “Salim, an yi ruwan sama a kan duwatsu ne?”

Ya ce, “Wane ruwan sama, ya ammi? Kullum haka yake, ya tafi ya dawo. Ɗazu a nan kusa da gaɓa, inda kake kallon nan, nake tsaye, ko idon sawuna bai jiƙe ba.”

Ammu ya kare ido da tafin hannu ya daɗe yana duba. Ya ce, “Kuna ganinsa? Ni haske kawai nake gani.” Sai ya laluba ya zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale, ya ɗora haɓa a kan sandarsa.

Salim ya ce gobe wajen Azahar ruwan zai sake janyewa, amma in iska ta taso ba zai saka dattijo a kwale-kwale ba, kuma iskar nan in ta fara takan yi mako. Jibi kuwa Ammu yana da ganin likita a Madina. Goben nan ita kaɗai ta rage mana.

Kwanan Yanbu

Na buga wa Maimuna na gaya mata. Abin da ta ce da Larabci ba zan fassara ba, saboda akwai yara masu karanta wannan. Muka kama ɗaki a wani masauki kusa da kasuwar kifi, mai na'urar sanyi da ke minshari fiye da ni. Bayan Magariba Salim ya kawo mana sayyadiyya, shinkafar da ake dafawa da romon kifi da soyayyar albasa. Ammu ya ci kaɗan. Yana ci yana ba mu labarin malaminsu, wani Basudane mai murya kamar aradu, da yadda 'yan bakin teku suke yi musu dariya su 'ya'yan manoman dabino, domin ranar farko duk sun amayar da abin da suka ci. Ya ce su goma sha wani abu ne a rukuninsu, shi kaɗai ya rage. Na ɗiga masa magani. Ban yi barkwanci ko ɗaya ba, har ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Wurin jirgin

Washegari tun rana ba ta yi zafi ba muna bakin mashigin. Na zauna na zura wa ruwan ido kamar mai gadin ɓarawo, ina jiƙa yatsa ina ɗagawa sama ko iska ta taso. Allah ya taimake mu ba ta taso ba. Da idona na ga ruwan nan yana sulalewa, duwatsu suna fitowa, jirgin yana tasowa kaɗan-kaɗan.

Salim ya ba kowa rigar ceto ɗaya. Ni na nemi ta biyu, saboda ƙiba. Muna barin gaɓa dabinon Alhaji Isa ya fara yi mini sallama daga ciki, na rungume katakon zama ina salati. Ammu kuwa ya zauna tsaf, jikinsa yana bin kaɗawar ruwan kamar jiya ya bari.

Da muka matso na ga jirgin sosai. Ƙarami ne, ya karkace gefe guda, tsatsa ta cinye shi, tsuntsaye sun yi masa kaca-kaca, ga wani rami a cikinsa da raƙumi zai shiga da kayansa.

Ammu ya ce, “Abu Kabiru, duhu-duhu nake gani. Gaya mini yadda yake.”

Na dubi jirgin, na dubi fuskarsa. Sai bakina ya yi abin da ya saba. Na ce, “Ammu, wallahi jirginka na nan da kwarjininsa. Tsawonsa ya kai daga shagona zuwa Harami. Farin fentinsa sai ƙyalli yake. Tagogi duk da gilasansu, sitiyari na tsaye kamar yana jiran ka kama.”

Salim ya yi tari. Ammu ya yi murmushi ya ce, “Matsar da ni.”

Salim ya jingina kwale-kwalen da gefen da ya karkato. Ammu ya miƙa hannu ya shafa ƙarfen, tsatsa ta zubo masa a tafi. Ya ci gaba da lalube har hannunsa ya faɗa kan wani gajeren turken ƙarfe da ake ɗaure igiya. Nan ya tsaya. Ya sunkuya ya kai idonsa na dama dab da shi, har girarsa tana gogar tsatsar, ya ce, “Wannan dai na gani. A nan nake tsayawa.”

Ya ce a ba shi igiya. Salim ya miƙa masa. Kafin in ƙifta ido ya naɗa ta ya ƙulle, bai ko duba ba. Sannan ya shiga kiran sunayen abokansa ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa kowa addu'a, har Basudanen nan mai tsawa. Da ya zo kan sunan mahaifin Salim, Salim ya juya yana gyara injin da ba abin da ya same shi. Ni kuma gishirin teku ya shiga mini ido.

Can ruwan ya fara motsi a ƙarƙashinmu. Salim ya ce, “Yalla, mu tafi, ya ammi, ruwa ya juyo.” Ammu ya kwance igiyar da kansa, ya sake dafa turken, muka juya.

Komowa

Mun yi Azahar da La'asar a Yanbu, muka kamo hanya. A Badar ko waiwayar gonar Alhaji Isa ban yi ba. Mun shigo Madina ana kiran Isha, lafiya lau. Maimuna tana bakin ƙofa, ta tambayi mahaifinta ko ya gani, ya ce ya gani. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Salim da ya ba mu yini biyu na neman abincinsa, da Alhaji Isa, duk da abin da dabinonsa ya yi mini.

Bayan kwana kaɗan majalisa ta cika a ƙofar shagona, ina ba su labarin yadda na zama idon Ammu a tsakiyar teku, na zayyana masa jirginsa tun daga kai har wutsiya. Ammu yana gefe yana kurɓar shayi. Ya bari har na kai aya, sannan ya ajiye kofi ya ce, “Allah ya saka maka da alheri, Abu Kabiru. Amma jirgin da ka zayyana mini, da irinsa ne, ai ba mu 'ya'yan manoman dabino za a zuba a ciki ba. Namu ko yana sabo bai fi shagon nan naka uku ba, kuma tun da aka ƙera shi ba a taɓa shafa masa farin fenti ba.”