Sallamar da Ban Amsa wa Gwaggo Ba

Na yi digirina na biyu a ƙasar Thailand, a fannin noman shinkafa, kuma abokin ɗakina a can mabiyin addinin Buda ne. Ban taɓa shiga wurin ibadarsu ba, shi ma bai taɓa gayyatata ba. Idan na tayar da salla sai ya kashe rediyonsa. Idan shi ya zauna zamansa na shiru sai in daina jan kujera.

A ƙarshen mako yakan tafi sharar harabar wurin ibadar tasu, inda ya ce shugaban sashenmu da mai wanke kwanukan makaranta suke riƙe tsintsiya iri ɗaya. Kullum kuma yakan zauna a ƙasa, ya rufe ido, ya bi shigar numfashinsa da fitarsa. Ranar da ambaliya ta cinye gonar gwajinsa, aikin watanni, na zaci zai fasa kuka. Sai ya tsaya a bakin gonar ya ce mini baƙin cikin ya zo, yana kallonsa, kuma zai wuce. Washegari ya sake yafa iri.

Ni mutum ne mai saurin hasala, saboda haka na roƙe shi ya koya mini. Ya ce ba a kiran sunan kowa a ciki. Ka san dai kana numfashi, in tunani ko wani sauti ya zo, ka lura da shi, ka bar shi ya wuce.

Da na dawo Sakkwato na samu aiki tare da manoman fadamar Dundaye, zaman ya yi mini amfani. Mai kabu-kabu zai fallatsa mini taɓo in ji zafin ya taso, in jira shi ya sauka. Bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina a gidanmu na Gidan Igwai in ɗan zauna.

Wata rana Gwaggo, yayar mahaifina, ta shigo ta yi sallama. Na ji ta sarai. Amma da yake ina son in bi ƙa'ida daidai, sai na lura da sallamar Gwaggo, na bar ta ta wuce. Ta sake yi da ƙarfi. Kafin in buɗe ido ta nufi zauren Baba.

Gidanmu gidan malamai ne, kuma lokacin tafiyata dangi sun ce yaron zai dawo da wani addini. Baba kaɗai ya tsaya ya ce ya yarda da ni. Wannan yardar ce yanzu Gwaggo ta shiga zaure da ita a hannu.

Aka aiko kirana. Na tarar da Baba zaune a kan buzunsa, Gwaggo tana tsaye ko mayafi ba ta gyara ba.

“Malam, ni dai na hwaɗi tun ba a kai shi ba,” in ji ta. “Ga shi zaune kamar gunki, ba tasbaha, ba gabas ya duba ba, ina sallama shina jina!”

Baba ya dube ni. “In ka ruhe ido, mi kake karantawa?”

“Ba na karanta komai, Baba.”

“Wa kake roƙo?”

“Ba kowa. Roƙona yana cikin sallata.”

“To mi ya hana ka amsa sallama?”

Na yi bayani tun daga farko, da abokin, da gonar, da numfashin.

Baba ya ce, “Shi abokin naka, in uwarsa ta kira shi, bari yake ta wuce?”

Na tuna yadda yakan zabura daga zamansa da zarar wayar mahaifiyarsa ta shigo. Na ce, “A'a, tashi yake yi.”

“Ashe rabin karatun ka ɗauko.” Sai ya yi dariya, irin wadda ban cika ji daga gare shi ba. “Tun da ka dawo ban ji ka yi wa ƙannenka tsawa ba, na ɗauka girma ne ya zo. Zauna abinka in kana so, ba ibada ba ce, kar kuma ka mai da shi ibada. Amma sallama hakki ce. Ba Gwaggonka haƙuri.”

Na durƙusa a gabanta.

“Numfashi!” in ji Gwaggo. “Mu da munka tsufa muna yin shi, wa ya kai mu jirgi koyo? Tashi ka ɗauko mini ruwa, ɗan nema.”

Na tashi da sauri na kawo mata. Ta sha, ta ci gaba da faɗa, Baba kuwa ya jawo littafinsa ya koma kan karatu.