Mayen Ƙarfe

A zamanin Turawa, lokacin ina awon gyaɗa a Malam Madori, na sayo garmaho mai aiki da batir ɗin mota. A duk unguwarmu a Haɗeja babu mai irinsa, sai wanda ake wanawa da hannu. Na ji daɗi har ina tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Daɗin bai je ko'ina ba. Da allura ta hau faifai sai wani gurnani ya taso ƙarƙashin waƙar, kamar ƙudan zuma a cikin tulu, kuma yana ƙaruwa in allurar ta matso tsakiya. Na canza allura, na goge faifai, na ɗora akwatin a kan buhu, duk a banza.

Cikin masu zuwa saurare akwai wata tsohuwa mai bandar kifi, baƙuwa daga wajen Baturiya, tana zaune a gidan da ke jikin namu. Kullum da la'asar takan shigo da ɗan kifi a ganye, ta zauna dab da akwatin saboda kunnenta ya yi nauyi.

Na kira wani bakanike da ke taɓa rediyo. Ya buɗe, ya kasa kunne, ya ce, "Mayen ƙarfe ne a cikin injin, shi ke jan kan allurar. A sa farantin ƙarfe a tsakaninsu ya tare."

Ban gane ba. Yaya abu zai ja wani abu bai taɓa shi ba? Na dai gyaɗa kai don kada a raina ni. Ashe Inna, mahaifiyata, tana bayan zana, kuma kalma ɗaya tal ta kama.

"Maye? Ai na faɗa! Wa ke manne wa abin nan kullum?"

"Inna, ba irin wannan mayen ba ne."

"To wane iri ne?"

Na ce yana jan abu daga nesa, ba a ganinsa. Ta ce to ai shi ke nan maita. Wallahi a lokacin ni kaina na rikice, don bayanina da nata ban ga inda suka rabu ba.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na tafi maƙera da wata tsohuwar garwar kananzir a yanko mini faranti, kafin in dawo matan unguwa sun cika tsakar gida. Sun ajiye garmahona a ƙasa, wai tsohuwar ta tsallake shi, yadda ake sa maye ya tsallake mara lafiya don ya saki kurwarsa. Na yi ta ihu ƙarfe ne, ƙarfe ne, babu mai ji. Ta dube ni, ta tattare zanenta, ta tsallake. Ta ajiye kifin da ta kawo a bakin turmi ta fita.

Ranar muka sa farantin a saman injin. Gurnanin ya kwanta, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don da ma ya ƙi kwantawa ya fi mini.

"Ka gani ko?" in ji Inna. "Tana tsallakewa ya saki."

Kafin kasuwa ta zagayo tsohuwar ta koma ƙauyensu, don babu mai sayen kifinta kuma. Na yi niyyar in cire farantin a gaban kowa su ji gurnanin ya dawo. Na cire, ya dawo. Inna ta saurara, ta ce, "Ka ga har daga Baturiya tana iya jansa."