Kwanon miya a dandalin Marakesh

Shekarun baya, da ciwon cikin mahaifiyata ya gagari lopital ɗin Maradi, aka tura mu Marakesh a ƙasar Maroko don a yi mata aiki. Ƙanwata ce ya kamata ta raka ta, to tana da tsohon ciki, sai tafiyar ta faɗo kaina. Ni kuwa ɗan fari ne. A gidanmu na Tsibiri ko sunana Inna ba ta faɗi, balle mu zauna mu ci abinci tare.

Da muka isa, Inna ta daina ci. Likita ya ce muddin ba ta yi ƙarfi ba, ba zai taɓa ta da wuƙa ba, gida za mu koma da ciwonmu. Na sayo shinkafa, na sayo kaza, har gero na yi yawon nema. Kullum in ajiye mata tire a ɗaki, in ja ƙofa in fita don kada ta ji kunyata. In na dawo, yadda na ajiye haka zan ɗauke. Tsoro ya kama ni sosai, amma ni a dole mai ladabi.

Wata la'asar na lallaɓa ta muka fita shan iska, muka ɓulla babban dandalin tsohon gari. Ga masu wasa da macizai, ga makaɗa, ga masu matsar lemu, hayaƙin gashi ya tashi ko'ina. Inna ta tsaya kallon masu sayar da dafaffiyar katantanwa, ta ce lalle duniya da faɗi. Da ƙafarta ta gaji muka samu benci a rumfar masu abinci, inda kowa ke zama kafaɗa da kafaɗa. Na koma can ƙarshe na ba ta baya.

Wata tsohuwa Balarabiya da ke gefenta ta turo kwanon miyar wake tsakaninsu, ta gutsuro burodi ta miƙa mata, ta yi ta nuna baki. Ba mai jin yaren wani. Da na saci kallo, sai ga Inna tana ci, har tana suɗe yatsa. Suka tashi da kwano biyu.

A hanyar komawa na ce ashe miyarsu ce ta yi mata, gobe zan sayo in kawo ɗaki. Ba ta dube ni ba.

"Ba miyar ba ce," in ji ta. "Tunda uwata ta haife ni ban taɓa cin abinci ni ɗaya ba. Ba ya wucewa."

Kunya ta rufe ni. Washegari na kawo tire, na kama ƙofa kamar kullum, sai na sake ta na zauna a ƙasa. Ta tura kwanon tsakiya. Muka ci, kowa idonsa a kan hannunsa.

An yi aikin lafiya, mun dawo Tsibiri, kunyarmu ta koma inda take. Har yau ba ta kiran sunana. Amma duk ranar da na zo daga Maradi na tarar jikoki sun tafi lakwal karatu, akushinta a rufe, ba na tambayar kowa. Hannu nake wankewa.